Tony Allen Da Rabon Makaɗi

Duk wanda ya kwana biyu a unguwar nan ta Idi-Araba, muna nufin wanda ya ga shekarun 1970 da idonsa, ya ji hannun Tony Allen ko da bai taɓa taka ƙofar gidan rawa ba. Ya ji shi a rediyon mai shayi, ya ji shi a cikin motar haya, ya ji shi daga shagunan masu sayar da faifai na Mushin da Ojuelegba, waɗanda suke fito da lasifika bakin titi tun da hantsi. Amma da za a tsayar da shi a ce, "Baba, kiɗan wane ne wannan?" sai ya ce na Fela ne. Bai yi ƙarya ba. Sunan Fela ne a jikin faifan, muryar Fela ce, kuma Fela ne sojoji suke duka. Mutumin da ke zaune can baya a tsakiyar ganguna, wanda kowa ke rawa da bugunsa, ba a cika tambayar sunansa ba.

Musu ne ya jawo wannan rubutu. Kwanakin baya a wani shagon cajin waya, samari suna ta cacar baki a kan wa ya kafa tushen kiɗan da su Burna Boy da Wizkid suke cin duniya da shi yau. Kowa ya ce Fela. Da muka ambaci Tony Allen, sai wani yaro ya ɗago kai ya ce, "Wane ne kuma haka? Bature ne?" Aka yi dariya. To, ba Bature ba ne. Ɗan Ikko ne, a nan aka haife shi a 1940, ya mutu a birnin Faris ranar 30 ga Afrilu, 2020, yana da shekara 79. Bayan wannan musu mun koma mun bi faya-fayansa a hankali, daga na ƙuruciya har na tsufa, ga kuma abin da kunnenmu ya jiyo mana.

Tun farko mu kawar da wata magana. Gidan Fela mai lamba 14 a titin Agege Motor Road, wanda ya sa wa suna Kalakuta, da gidan rawarsa na Shrine da ke otal ɗin Empire, duk a Idi-Oro suke, mai ƙarfin ƙafa ba sai ya hau mota daga nan ba. Iyayenmu sun hana mu zuwa, kuma suna da hujjarsu, don hayaƙin da ke tashi a wurin ba na turaren wuta ba ne. Ba wanke wannan muka zo yi ba. Sana'a muke dubawa, kamar yadda za a duba aikin maƙeri ko na magini a ce ya iya ko bai iya ba.

Allen bai gaji kiɗa ba. A wajen maƙwabtanmu Yarabawa kiɗa gado ne kamar yadda yake a wajenmu, har ana gane 'yan gidan makaɗa da sunayensu masu farawa da Ayan. Shi kuwa mahaifinsa makanikin mota ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. Gyaran rediyo yake yi, sai da ya kai shekara 18 sannan ya fara taɓa ganga. Ya shiga ƙungiyar Victor Olaiya, sarkin hailaif na wancan zamani, inda aka fara ba shi 'yan sanduna biyu yana buga ɗaya da ɗaya don riƙe kiɗa. Da kujerar makaɗi ta samu sarari sai ya hau. A 1964 Fela, wanda bai daɗe da dawowa daga karatun kiɗa a Landan ba, yana neman wanda ya iya jaz ya kuma iya hailaif. Ya gwada mutane bai gamsu ba, sai da aka kawo masa Allen. Suka zauna tare kusan shekara 15, daga ƙungiyar Koola Lobitos har zuwa Africa 70, suka yi faifai fiye da 30.

Don a gane abin da ya yi, sai an san abin da yake kaɗawa. Ba kalangu ba ne, ba kuma gangan ta Yarabawa ba. Jeren gangunan nan ne na zamani da mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu: babba a ƙasa wadda ƙafar dama ke takawa, ƙarama a tsakanin gwiwoyi mai zirin waya a gindinta wadda ke ba da amo mai kaifi, wasu biyu ko uku a gefe, sai faranta na tagulla. A cikin farantan akwai guda biyu da aka kife a kan juna kamar an rufe kwano da kwano, ƙafar hagu ce ke buɗe su tana rufewa. Makaɗa suna ce musu hai-hat. Allen ya sha faɗin cewa makaɗan Legas na lokacin ba su damu da wannan abu ba, ƙafarsu ta hagu a zaune take kawai, kamar mai tuƙa keke da ƙafa ɗaya. Shi ya ci karo da wani darasi da Max Roach, babban makaɗin jaz na Amurka, ya rubuta a mujallar Down Beat a kan hai-hat, ya zauna ya yi ta nacin koyo shi kaɗai. Da suka je Amurka a 1969, suka yi wata 10 yawanci a Los Angeles cikin rashin kuɗi da rashin takardu, sai ya haɗu da wani makaɗi mai suna Frank Butler, wanda ya koya masa ya riƙa gwaji a kan matashin kai. Dabarar ita ce, matashi ba ya maido da sanda, sai wuyan hannunka ya yi aikin da kansa. Fela ya dawo daga wannan tafiya da siyasar baƙar fata a bakinsa, Allen ya dawo da gaɓoɓi huɗu da kowace ke cin gashin kanta.

A nan ne muke ganin ainihin ƙirƙirarsa take. A kiɗanmu na gargajiya, da na Yarabawa, da na mutanen mahaifiyarsa a Gana, aikin rarrabe yake. Babban kalangu yana magana, ƙarami yana amsawa, kuntuku yana riƙe da gindin kiɗa kada ya zame. Mutum uku ko huɗu ne suke hira. Allen ya tattaro wannan hira ya zuba ta a jikin mutum ɗaya. Ƙafar dama ta buga sau biyu a jere, dum-dum, ta yi shiru. Hannun hagu ya riƙa yayyafi a kan ƙaramar gangar nan, ba a inda kake jira ba. Ƙafar hagu tana buɗe faranta tana rufewa kamar numfashi, hannun dama yana kirga lokaci a samansu. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da muke nufi: babu taɓaryar da ke sauka tare da 'yar'uwarta, babu kuma wadda ke karo da wata, kowace ta san gurbinta. Kiɗan rok na Turawa sara ne, ana sauke gatari a wuri ɗaya kowane zagaye, shi ya sa kai kawai yake sa mutum ya gyaɗa. Na Allen a ƙugu yake kama mutum.

Wanda yake son ya ji wannan da kunnensa ya nemi "Confusion", faifan 1975, wanda ya kai minti 25, kuma maganar mararrabar Ojuelegba yake yi, wurin da kowannenmu ya taɓa maƙalewa. Mintunan farko babu kowa sai fiyanon Fela da gangunan Allen, suna lalube kamar mutum biyu da aka ɗauke wa wuta a ɗakin da ba su sani ba. Babu tsayayyen kiɗa, sai a taɓa nan a taɓa can. Can sai jita mai kaurin murya ta shigo, sai ka ji Allen ya zauna daram, daga nan har ƙarshe bai ƙara gaggawa ba, bai kuma ja baya ba. A saurari "Water No Get Enemy" a ji yadda yake taɓa ganga kamar yana tsoron kada ya tashi jariri daga barci. A koma kan "Zombie", inda Fela ke yi wa soja ba'a, a ji hannun nan dai ya ɗauki saurin fareti amma ya ƙi yarda ya yi taurin fareti. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ƙarancin ƙarfin da yake sawa. A hotunan bidiyonsa za ka ga mutum zaune tsaf, kafaɗa ba ta motsi, wuyan hannu kawai ke aiki. Da dalili. Waƙa ɗaya ta Fela takan ci minti 20 ko fiye, wasa kuma a Shrine sai an kusa kiran assalatu. Makaɗin da ke dukan ganga kamar ya kama ɓarawo ba zai kai ƙarfe biyun dare ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Fela shi ke tsara wa kowa abin da zai buga. Mai jita, mai fiyano, masu busa, 'yan amshi, kowa sai ya karɓi nasa daga bakin Fela, kuma ba a ƙari ba a ragi. Mutum ɗaya ne aka bar wa ya tsara nasa da kansa, shi ne Allen. Fela yakan kawo sabuwar waƙa, Allen ya gwada mata bugu iri-iri har a samu wanda ya zauna. Ke nan kiɗan gangar da ke ƙarƙashin waɗannan waƙoƙi duka, wanda shi ne abin da ya raba afrobit da hailaif da kuma kiɗan James Brown, tsarin Allen ne. An sha ruwaito cewa Fela da bakinsa ya ce ba don Allen ba da babu afrobit. Amma a jikin faifai, a gurbin da ake rubuta wanda ya tsara waƙa, sunan mutum ɗaya ne, kuma wannan gurbi shi ke janyo kason cinikin faifai shekara da shekaru. Allen shugaban 'yan kiɗa ne, amma ɗan albashi. Ya nemi kaso bai samu ba. Abin da ya samu shi ne izinin yin faifai da sunansa da 'yan ƙungiyar Fela, Fela na furodusa: "Jealousy" a 1975, "Progress" a 1977, da "No Accommodation for Lagos" a 1979.

Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai karin maganar ba ta zauna sosai a nan ba, don a Kalakuta gardin ma ya sha bugu, bugu na gaske. A watan Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka kewaye gidan, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta mutu a shekarar da ta biyo. Dattawan unguwar nan da yawa sun ga hayaƙin. Fela ya biya kuɗin sunansa da jikinsa, ba mai ƙwace masa wannan. Amma wahalar shugaba ba ta biyan kuɗin hayar yaransa. A ƙarshen 1978 aka gayyace su bikin jaz na Balin a Jamus, da kuɗi masu kauri. A cewar Allen, ayarin da Fela ya kwasa ya kai mutum 70, masu aikin kiɗan ba su kai rabi ba. Ga shi kuma Fela ya sa takarar shugaban ƙasa a gaba da jam'iyyarsa ta MOP, wadda a ƙarshe ko rajista ba ta samu ba. 'Yan kiɗa suka ga inda kuɗin za su, yawancinsu suka watse, Allen ma ya ajiye. Faifan "V.I.P." a wannan wasa aka ɗauke shi, don haka mai sauraro yana jin daren ƙarshe na Africa 70 ne.

Wa ya yi asara a rabuwar? Mun saurari ɓangarorin biyu, kuma hukuncinmu shi ne dukansu. Fela ya kafa Egypt 80, ya yi manyan ayyuka irin su "Teacher Don't Teach Me Nonsense" da "Beasts of No Nation". Busa ta ƙara yawa, tsari ya ƙara zurfi, fushi ya ƙara nuna. Amma a kasa kunne can ƙasa: gangar ta yi nauyi, tana tafiya a miƙe kamar wanda aka aika, wasan nan na ɓuya da ke tsakanin hannu da ƙafa ya ragu. Shi kuma Allen ya tafi da hannunsa cif, bai bar ko ɗan yatsa ba, amma bai ƙara samun bakin da zai hau kan kiɗansa ya girgiza gari kamar na Fela ba. Masu sharhi na Turai, musamman bayan da Brian Eno, wani furodusa ɗan Ingila, ya ce wataƙila duniya ba ta taɓa yin makaɗi kamarsa ba, sun koma suna magana kamar Allen ne komai, Fela mai ihu ne kawai a gaba. Wannan ma zalunci ne, an dai juya shi ne. Yabon gwani ya zama dole, amma ba sai an rushe ɗakin da gwanin ya zauna a ciki ba.

Kafin mu yi wa Fela dariya, mu duba gida. Muna cewa waƙar Shata, waƙar Ɗan Anace, waƙar Ɗanƙwairo, Allah ya jiƙansu. A tara samari goma da suka haddace baitocin Shata, a ce su kawo sunan mutum ɗaya cikin masu kalangun da suka yi shekaru suna bin sa gari-gari, a ga ko za a samu mai amsawa. Alhali da an cire kalangun nan, abin da zai saura magana ce mai daɗi, ba abin da zai tayar da mutum daga kan tabarma ba. Abin ya kai har sunan ma an karɓe: muna cewa Makaɗa Narambaɗa, Makaɗa Sa'idu Faru, wato shugaban da ke rera waƙa shi ne makaɗi, su kuwa waɗanda hannunsu ke kan fata sun zama "yaransa". A wurin biki goshin mawaƙi ake yi wa liƙi. Rabo sai an koma masauki, kuma mai rabawa shi ne mai ɗaukar na farko. Yau kuwa ko wannan ɗan rabon ya tsere musu. Mawaƙin zamani yana shiga situdiyo a buga masa kiɗa a fiyano, mai biki yana ɗauko dije da lasifika biyu, kalangu ya koma sai wajen mahauta da filin dambe. Su ma samarin shagon caji, kiɗan da suke musu a kansa yawancinsa a kwamfuta aka harhaɗa shi. Sunan ne ya yi kama da na su Allen, an ƙara masa harafi ɗaya a ƙarshe.

To, da makaɗin ya fito gaba, me ya yi da gaban? A nan sai mun rage yabo.

Faya-fayansa uku na farko Africa 70 ce sak, an dai ba ganga fili ta ɗan yi magana ita kaɗai. A cikinsu "No Accommodation for Lagos" ya fi taɓa mu, don sunansa kaɗai ya isa: babu masauki a Legas. Ɗan ci-ranin da ya sauka daga tirela ya kwana a barandar masallaci ko a kan bencin mai shayi ba sai an fassara masa ba. Amma inda muka fara jin Allen a matsayin mai gidan kansa shi ne "No Discrimination", wanda ya yi da ƙungiyarsa ta Afro Messengers jim kaɗan bayan rabuwar. Waƙoƙin sun gajarta, an rage busa, an bar iska tana shiga tsakanin kayan kiɗa, har kana iya bin kowace gaɓa tasa daban. A ganinmu wannan faifai ya fi da yawa daga cikin waɗanda suka zo suka yi suna daga baya.

A 1984 ya bar ƙasar, ya fara zama a Landan, daga nan ya koma Faris. A Landan ya yi "N.E.P.A.", inda ya juya sunan hukumar wutar lantarki ya zama kada ka sa ran wuta kullum. Shekara 40 ke nan, an canza wa hukumar suna, yara har yau Nepa suke kira in an kawo wuta. Barkwancin ya zauna, amma kiɗan ya kwashi ƙurar zamaninsa. Shekarun 1980 lokaci ne da furodusoshin Turai suka haukace a kan injin kiɗa, ga tafin roba, ga ƙarar lantarki, aka lulluɓe hannun mutumin da abin da bai kai shi ba. Daga nan sai shekaru na shiru-shiru. Ya yi ta fama da takardun zama a Faransa, yana yi wa wasu kiɗa, irin su Ray Lema da Manu Dibango, don a ci abinci. Duk wanda yake ganin da ka haye Turai ka huta, ya karanta tarihin rayuwarsa da ya rubuta tare da Michael Veal a 2013.

Sai a 1999, yana dab da shekara 60, ya dawo da "Black Voices". Wani matashin furodusa a Faris mai laƙabin Doctor L ya yi abin da ya kamata a yi tun tuni: ya kwashe kayan da ke kan ganga, ya sa ta a tsakiyar ɗaki, sauran sauti suna shawagi a gefenta kamar hayaƙi. Ba faifan biki ba ne, na dare ne, kuma ba kowa zai so shi a ji na farko ba. Amma shi ya sa matasan Turai masu haɗa kiɗa a kwamfuta suka gane cewa abin da suke wahalar yankawa suna liƙawa, akwai wani dattijo da ke yin sa da hannu a zama ɗaya.

Daga nan ƙofofi suka buɗe, kuma ba kowace ƙofa ce ta kai shi ɗaki mai kyau ba. Damon Albarn, mawaƙin Ingila, ya ambaci sunansa a wata waƙar ƙungiyar Blur a 2000, suka zama abokai, suka kafa The Good, the Bad & the Queen, faifansu ya fito a 2007. Ya kawo wa Allen suna da kuɗin da bai taɓa samu ba, muna taya shi murna. Amma waƙoƙi ne na kewar Landan, masu sanyi da jan jiki, a wasu ma sai ka kasa kunne kafin ka ji akwai ganga. Kamar a samu ingarman doki ne a ɗaura masa kurar ruwa. "Lagos No Shaking" na 2006, da ya dawo gida ya ɗauka, yana da daɗinsa, musamman inda tsoho Fatai Rolling Dollar ya sa murya, mutumin da shi ma gobarar Kalakuta ta cinye masa kayan kiɗa don yana maƙwabtaka da gidan. Sai dai faifan ya tara mawaƙa da yawa, wasu sun kai wasu ba su kai ba. "Secret Agent" na 2009 ma haka: kiɗa ba laifi, kalmomi kuwa na a zauna lafiya a yi murna, waɗanda kana ji kana mantawa. Gaskiyar ita ce Allen gwanin tsara lokaci ne, ba gwanin tsara magana ba. Kiɗansa shimfiɗa ce mai kyau, darajar zaman kuwa tana ga wanda ya zauna a kai. Wannan hali nasa na barin wuri ga wani, wanda shi ne ƙarfinsa a bayan Fela, shi ne ya zama rauninsa a duk lokacin da baƙon da ya gayyato ba shi da abin faɗa.

Muryarsa kuma ba ta mawaƙi ba ce. Ƙasa-ƙasa take, kamar dattijon da ke magana shi kaɗai bayan kowa ya tashi. Sau ɗaya muka ji ta yi daidai da aikin da aka ba ta, a "Boat Journey" cikin faifan "Film of Life" na 2014, inda yake jan kunnen matasan Afirka masu shiga kwalekwale su haye teku. Faifan ya fito shekara guda bayan jirgin ruwan da ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya a watan Oktoban 2013, inda fiye da mutum 360 suka halaka. Da wani mai zaƙin murya ne ya rera ta, da ta zama wa'azin wanda ya ƙoshi. A bakin mutumin da ya yi shekaru yana bin layin ofishin takardu a Faris, gajiyar muryar ita ce hujjar.

Mafi kyawun aikinsa na tsufa ya zo ne da ya daina neman wanda zai maye gurbin Fela, ya koma wajen malamansa na farko. A 2017 kamfanin Blue Note ya fitar masa da ɗan ƙaramin faifai na girmama Art Blakey, makaɗin jaz ɗin nan da ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940 ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, wanda Allen ya tashi yana kwaikwayo. Ya ɗauki sanannun kiɗan Blakey ya zare musu ƙafafun Amurka ya sa musu na Legas, suka kuwa tsaya. A shekarar dai ya fitar da "The Source", kusan babu waƙa a ciki, busa ce da ganga. A nan babu mai cewa ga mawaƙi ga yaronsa. Masu busa su ne 'yan amshi, ganga ce ke ba da umarni, kuma ko a nan ɗin bai yarda ya yi ta burga shi kaɗai ba, yana shugabancin ne daga ƙasa. Wanda zai sayi faifan Allen guda ɗaya tak da sunansa a jiki, wannan muke ba shi shawara. Shekara guda bayan haka ya zauna da Jeff Mills, wani Ba'amurke mai kiɗa da inji, suka yi faifai tare. Ke nan ba injin yake ƙi ba. A faifan za ka ji injin yana tafiya a kan layi kamar jirgin ƙasa, dattijon yana zagaya shi, yana shiga gabansa yana fita.

Na ƙarshe da ya gani da idonsa shi ne "Rejoice", shi da Hugh Masekela, mai busa ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya san shi tun zamanin da yake zuwa Legas wajen Fela a shekarun 1970. Sun ɗauki kiɗan a Landan a 2010, aka ajiye ba a ƙarasa ba, har Masekela ya mutu a watan Janairun 2018. Allen ya koma ya ƙarasa, faifan ya fito a watan Maris na 2020, shi kuma ya bi abokinsa bayan 'yan makonni. Tsofaffi biyu ne suke hira, ɗaya da ƙaho ɗaya da sanda, ba mai katse wani, kuma akwai waƙa guda a ciki ta tunawa da Fela, wanda ya riga su tun 1997. Duk abin da ya shiga tsakaninsu a kan kuɗi, Allen bai bar shi ya hau kan gangar ba.

Shi muka tura wa yaron nan na shagon caji a wayarsa. Ya sa abin ji a kunne ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya cire ɗaya ya ce, "Su nawa ne suke buga gangar?" Muka ce mutum ɗaya ne, kuma yana da kusan shekara 70 lokacin da aka ɗauka. Ya ce shi fa bai yarda ba, sai ya ga bidiyo.